Kwalbar da aka sayar mini a madadin Peppadew

Har yau in na buɗe firij na ga kwalbar nan sai raina ya sosu. Ni fa Peppadew nake nema. Yayata ce ta fara kawo mini shi daga Afirka ta Kudu, can ake nomansa a lardin Limpopo. Kwalba biyu ta kawo, na yi ta lallaɓa su har suka ƙare. Ga wadda ba ta taɓa ci ba, ɗan jan barkono ne kewayayye kamar ƙananan tumatir, an cire masa 'ya'ya an jiƙa shi a ruwan khal da sukari. Zaƙi ne a gaba, sai tsami, sai ɗan yaji can ƙasa-ƙasa, in kika ciza kuma ki ji ƙaras. Da yake cikinsa fayau yake, cuku nake cusa masa in jera a faranti.

Ranar da dangin maigida za su zo yini na so in burge da shi. Na yi wa wata mai sayar da kayan girki a Instagram magana, har hoton tsohuwar kwalbar na tura mata. Ta ce, "Hajiya, shi ɗin babu, amma akwai ɗan'uwansa, ba za ki bambance ba." Kuɗin kuwa kun san yadda kayan waje suke yanzu, ga na ɗan aike a kai.

Mai babur bai iso ba sai bayan azahar, baƙi sun cika falo, na riga na kwaɓa cukuna yana jira. Ina buɗe murfi sai ƙaurin gashi ya daki hancina. Na sa cokali mai yatsu na ɗago, ashe gasasshen tattasai ne, an saɓule masa bawo an yanka shi falle-falle, yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. A ina zan cusa cuku? Na ɗanɗana, gishiri da tsami ne, zaƙin sai an yi cigiya. Ƙanwar maigida ta leƙo kicin ta ce, "Anti, wata miyar za a ƙara?" Kunya kamar in nutse. Na kira mai kaya, budar bakinta sai ta ce, "Haba Hajiya, ai duk tattasai ne."

Amma kada in ci haƙƙin kwalbar. Washegari na markaɗa falle uku da mayonis da tafarnuwa, na shafa a burodi da ragowar kaza, yara har suɗe wuƙa suka so yi. A cikin taliya ma ya yi daɗi sosai. Da sunansa aka sayar mini da shi, da sai in ce madalla.

Madadin gaskiya kuwa a kasuwar 'Yankaba na same shi. Na zaɓo jan tattasai mai kauri, na cire 'ya'yan na yanka manya-manya a kwalbar da na ɗauraye da tafasasshen ruwa. Na tafasa kofi 1 na farin khal, kofi 1 na ruwa, rabin kofin sukari da ƙaramin cokalin gishiri, na juye a kai da zafinsa. Shi tattasan ba a dafa shi, shi ya sa ƙaras ɗin yake nan. Attaruhu guda ɗaya tak na jefa don yaji. Kwana 2 a firij ya kama. Ba ya cusuwa, sai dai ki ɗora cukun a kai kamar kwale-kwale.

Kada siffar attaruhu ta ruɗe ki ki ce shi za ki cusa wa cuku. Na gwada. A ma'aunin yaji na Scoville, Peppadew wajen 1,200 yake, attaruhu kuwa ya haura 100,000, sukari ba ya kashe wannan. Maigida guda ɗaya ya ci ya nufi randa yana hawaye.

Abin da na haɗa da kaina bai kai kuɗin ɗan aiken kwalbar can ba, nan ne haushin ke dawo mini. Na tura wa mai kayan hoton tsumman tattasan na ce ko rabin kuɗina ta maido. Ta karanta ba ta amsa ba, amma kullum da safe sai na tashi da tallar sababbin kayanta a wayata.