Canon 5D Mark IV ko 'yar tsohuwa 600D: ni da na riƙe su duka biyu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya wace kyamara za ka saya, babbar 5D Mark IV ta hannu da ake maka talla ko ƙarama irin 600D. Ɗauki ƙaramar. Tunda hoton naka na Asabar da Lahadi ne da ranar Sallah, ba da shi za ka ci abinci ba, bar wa mai 5D Mark IV ɗin nan kayansa, ka nemi 600D ko 700D ta hannu mai lafiya. Duka biyun sun zauna hannuna. Ƙaramar tana cikin jakata har yau, babbar kuwa na sayar da ita da faɗuwa, ina ma godiya da na samu mai saye.

600D ta fito tun 2011, ni kuma ta hannu na saye ta wurin wani mai ɗaukar hoton biki da zai canza sabuwa. Robar da ake riƙewa har ta fara saɓulewa. Na haɗa mata ɗan gilashin nan na gaba, lensi 50mm f/1.8, wanda ko sabonsa da ya fito a 2015 dala 125 anka sa masa. Ita da lensin duka ba su kai giram 750 ba, ka rataya a wuya ka hau babur ka manta da ita.

Da ita na ɗauki Inna, kakarmu ta cikin gari. Tsohuwar nan ba ta son hoto ko kaɗan, in ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata rana bayan la'asar na same ta tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro tana tsintar shinkafa a faifai, rana ta yi sanyi, haske na ratsowa ta ganye yana sauka gefen fuskarta. Na zauna can bakin rijiya kamar mai duba wani abu, na buɗe idon lensin har ƙarshe. Ƙarar ɗaukar ce ta sa ta ɗago, ta ce, "Kai wanga yaro, mi kaka yi da tsohuwa?" Tana faɗi tana dariya, na sake latsawa. Tsagar fuskarta ta fito ɗaya bayan ɗaya, tukwane da igiyar shanya da ke bayanta duk sun narke sun zama kamar hayaƙi. Daminar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa. Ranar addu'ar bakwai babu gidan da bai roƙi hoton nan ba, har 'yan uwanmu na Wurno da Illela. Na wanke shi a girman A3, ya fito tas, don megafiksel 18 ɗin nan da ake rainawa ɗigo 5184 ne a tsawo, 3456 a faɗi, kuma sun isa takarda mai wannan girma. Yana rataye a ɗakunan kawunnanmu, kuma har yau ba wanda ya taɓa tambayata da wace kyamara anka ɗauke shi.

Ita ce kuma na yi ta kai wa gadar Kwalkwalawa da sassafe lokacin hunturu, hazo ya kwanta kan Gulbin Rima, masunta na jefa birgi, masu albasa na ban ruwa a fadama. Ƙura ta shiga ko'ina, ban damu ba. In na dawo in hure ta da 'yar famfon roba in goge da ƙyalle, shi ke nan.

Sai kwaɗayi ya ja ni. Kallon bidiyon Turawa a YouTube ya sa na ga kamar abin da ya rage mini in zama gwani shi ne babbar sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Na tattara abin da na tara, har da kuɗin adashi, na sayi 5D Mark IV. Ba zan yi mata ƙazafi ba, a duhu ta fi, kuma ta fi saurin kama abin da ke gudu. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Laifin nawa ne, ba na kyamarar ba, don an yi ta ne saboda mai sana'a. Lokacin da ta fito a 2016 dala 3,499 ce gangar jikin kawai, babu lensi. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne lensin 18-55mm da ke zuwa da ƙaramar, irin wanda anka rubuta wa EF-S, ba ya hawa kanta sam. Dole na ƙara neman 24-70 f/2.8, wanda shi kaɗai giram 805 ne, ita kuma 890. Kusan kilo 1.7 ke nan a wuyanka, cikin ranar Afrilu ta Sakkwato, daga Fakon Idi zuwa ƙofar fada. Littafin da ke zuwa da ita ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa ka san bazara a nan wuce 40 ba labari ba ne. Ƙaramar ma ka'idarta ke nan, amma ita in ta yi zafi zuciyata ba ta bugawa. Kowane hoto na RAW, wato wanda ba a matse ba, ya haura megabait 30, tsohuwar kwamfutata ta dinga numfashi sama sama, ga wuta da ba ta zama.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba nauyin ba ne. Na shiga Kara da ita ranar kasuwa ina son in ɗauki raƙuma da jajayen awakin nan namu, kafin in ɗaga ta mutum uku sun tare ni: ɗan jarida ne kai? Wa ya aiko ka? A halin da ake ciki na tsaro ba ka ga laifinsu ba. Wanda bai tsargu ba kuma sai ya gyara hula ya ƙame kamar hoton fasfo, ko ya ce sai ka biya. Da ƙaramar kallon ɗalibi ake mini, in yi sallama in nemi izini, a ce ɗauka mana. Daga baya sai na lura in zan fita ina tsayawa tunani: akwai ƙura yau, akwai cunkoso, kar a fizge, kar ta faɗi. Sai in bar ta a akwati in fita da waya. Wata takwas tana gidana, hotunan da na ɗauka da ita ba su kai na wata ɗaya da tsohuwar ba.

Sannan ka tambayi kanka ina hotunan za su ƙare. In sitatus ne na WhatsApp da Facebook, matse su ake yi kafin kowa ya gani, megafiksel 30 da 18 duk ɗaya suke a fuskar waya. Gaskiya ma in iyakar buƙatar ke nan, wayar da ke aljihunka ta isa da rana. Inda kyamara ke tsere wa waya wuri biyu ne: fuskar mutum da yamma, da abin da ke nesa. Na farko 50mm ya gama maka. Na biyu, in dawakin Sallah kake so ko ka leƙa Argungu lokacin bikin kamun kifi, nemi 55-250mm na hannu, ba shi da nauyi kuma ba shi da tsada. Ka dai sani 50mm a kan ƙaramar sensa yana matsowa kamar 80mm, cikin ɗaki sai ka manne da bango, don haka kar ka yar da 18-55 ɗin da ke zuwa da ita. Tsakanin 600D da 700D kuma, ta biyun ta 2013 ce, allonta na taɓawa ne kuma tana ɗaukar hoto 5 a daƙiƙa maimakon 3.7. In bambancin kuɗin kaɗan ne ɗauki 700D, in da yawa kar ka wahalar da kanka, batirinsu ma ɗaya ne, LP-E8.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don nan ne ake yanka mutane. Kar ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton da ya sa a intanet wai zai ɗoro maka a mota daga Legas ko Kano, sayen kifi a ruwa ne. Kowa cewa yake tasa 'yar Landan ce, wata Baturiya ce ta yi amfani da ita sau biyu. Da yawa kuwa sun sha bukukuwa ɗari a nan gida, an shafe su da mai an sa a kwali. Kyamara tana da ƙidaya kamar mitar mota, adadin sau nawa labulen cikinta ya buɗe ya rufe. 5D Mark IV an ƙiyasta mata 150,000, kuma ita wagga da ake maka talla ka tambayi nawa ta ci. Irin waɗannan na Canon ba sa nuna ƙidayar a allo, sai an jona da kwamfuta, shi ya sa mai sayarwa ke faɗin abin da ya ga dama. In ya ƙi a jona, juya ka tafi. Cire lensin ka haska fitilar waya ta cikinsa, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, funfuna ce, ta zo da shi daga danshin kudu, kuma gogewa daga waje ba ta fitar da ita. Sa kyamarar a f/22, wato ka tsuke idon lensin, ka ɗauki sararin sama, duk dattin da ke kan sensa zai bayyana. Memori kuma shi ne uban jabu. An taɓa sayar mini da wanda anka rubuta wa gigabait 64, ashe cikinsa bai kai haka ba, ya cinye mini hotunan sunan ɗan ƙanwata kaf, har yau in ta tuna sai ta yi mini gori. Gwada shi da manhajar kwamfuta ta H2testw kafin ka amince masa. Batir ma haka, na jabu kumbura yake yi a zafin nan namu.

Don haka 600D ko 700D, da 18-55 ɗinta, da 50mm, da batir biyu, da famfon hure ƙura. Canjin da ya rage ka zuba mai a babur. In wata rana abin ya zama sana'a har anka fara biyanka, 50mm ɗin zai bi ka zuwa babbar, ko sababbin kyamarorin Canon na jerin R in ka sa musu mahaɗi.

In ka samu wadda ta kwanta maka a rai nan cikin gari, yi mini magana kafin ka biya. Ina Runjin Sambo, ina da kebul da kwamfuta, sai mu je tare bayan la'asar mu ga ƙidayarta.