BBC Hausa ko Aminiya: Wanne Ya Fi Daɗin Karatu a Waya?

Duk mai karanta Hausa a intanet ya san shafukan nan biyu, amma ba haja ɗaya suke kasawa ba.

Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aiki, kuma har yau rubutunsa bai rabu da salon rediyo ba: gajerun jimloli, kanu mai fizgar ido, sai bidiyo. Ƙarfinsa yana wajen labarin ƙetare. Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar a 2023, ko yaƙin Sudan, a irin nan ne mutum ke samun bayani a tsare. Ga kuma gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, da aka fara a 2016, wadda ta fito da marubuta da dama fili.

Aminiya kuwa ta kamfanin Media Trust ce, masu jaridar Daily Trust, kuma asalinta jaridar mako-mako ce ta takarda. Shi ya sa, a ganina, ta fi zama ta tauna batu. Rigimar sarautar Kano, farashin hatsi a Dawanau, siyasar ƙananan hukumomi, girke-girken uwargida, duk ta fi kusa da gida. Sai dai wani sa'in kana karantawa kana jin daga Turanci aka juyo labarin, Hausar ta yi tauri a baki.

Kan zane da gine-gine kuwa, dukansu sun gaza. Adon bangon gidajen Zariya da rinin Ƙofar Mata ba safai suke samun dogon rubutu ba, sai hoto da layi biyu.