Sharhi kan aikin masu gyara gida don mai keken guragu a Abuja

Aikin da muka auna na wani ƙaramin kamfani ne mai sayar da kayan marasa lafiya, wanda yake haɗawa da gyaran gida: birkila, mai walda da mai aikin famfo, duk a kwangila ɗaya. Gidan na ƙasa ne mai ɗaki uku a Kubwa. Maigidan ya samu rauni a laka, ƙafafu ba sa motsi amma hannuwa na da ƙarfinsu, kuma shi yake tura kekensa da kansa. An ba su gangarar shiga, faɗaɗa ƙofofi, banɗaki da ɗakin kwana. Gangarar ta fita tsaf, banɗakin rabi da rabi, ƙarafan kamawa kuwa sai an sake su.

Barandar gidan tana da matakala uku, kowace santimita 15, wato tsayi 45 ke nan. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo, don haka gangarar nan tana bukatar mita 5.4. Nan ne yawancin birkiloli ke yin ɓarna. Sai su duba tsakar gida su ga fili ya yi kaɗan, su zuba gangarar mita biyu su ce ai ga hanya. Irin wannan tsaunin, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, in ya matsa kuma tayoyin gaba su ɗaga keken ya kifa ta baya, ƙeya ce za ta fara isa ƙasa. Waɗannan ba su yi haka ba. Da suka ga katanga ta tare hanya, sai suka karya gangarar biyu, suka sa wurin hutawa mai mita 1.5 kowane gefe a kan kwanar, suka bar wani kamarsa a bakin ƙofa. Na bakin ƙofar nan ana yawan mantawa da shi, alhali in babu shi mutum zai riƙa kokawa da mukulli keke na ja da shi baya.

Faɗinta mita 1.2, da ɗan dakali mai santimita 10 a gefuna don kada taya ta zame waje, da ƙarfen riƙewa a tsayin santimita 90. An cika cikin da jar ƙasa an daddaɓe, sannan aka zuba kankare mai kaurin santimita 10, haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Kankaren saman kaɗai yana cin siminti kamar buhu bakwai, ban da na ginin bulon gefe, saboda haka duk wanda ya ce maka buhu uku zai isa, to yashi zai ƙara. Sun ja tsintsiya a kan kankaren tun yana ɗanye ya yi kaushi, aka yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai. Iyalan gidan sun so a shimfiɗa tayil irin na baranda don ya dace da gidan, kamfanin ya ƙi. Wannan ƙin ma abin yabo ne. Daminar Abuja daga Afrilu take har Oktoba, tayil mai sheƙi in ya jiƙe sabulu ne, da hunturu kuma ƙura ta kwanta a kai ta yi kusan irin wannan aikin.

Amma da ka gama hawa sai ka yi karo da abin da bai kai tsawon yatsa ba. Ƙofar falon irin ta ƙarfe ce da ake kira ƙofar Turkiyya, kuma firam ɗinta yana da dokin ƙofa mai santimita 4. Ƙananan tayoyin gaba na keke inci shida ne zuwa takwas, abin da ya haura santimita ɗaya da rabi yana tsayar da su cak, mutum ya tafi gaba keke ya tsaya. Ba su taɓa shi ba, ba su ma sa shi a lissafi ba. Maganinsa ba tsada: a sa robar gangara ta ciki da ta waje, kowace tsawonta kusan rabin mita, ko a ɗaga kankaren waje ya yi daidai da bakin firam tun lokacin zubi. Da mai awon ya zauna a kan keke ya gwada shiga sau ɗaya, da ya gani.

Ƙofar banɗaki ta asali santimita 75 ce, in an cire kaurin firam da ganyen ƙofa abin da ya rage bai kai 70 ba. Keken da mazauninsa inci 18 ne, faɗinsa daga taya zuwa taya yana kai 65, ga hannuwa a kan ƙarfen turawa. Shi ya sa za ka ga bayan yatsun masu keke duk a goge. An mayar da ita 90, kuma kafin a fasa bango sun duba linta, wato kankaren da ke saman ƙofa, sun tabbatar za ta ci gaba da zama a kan bulo aƙalla santimita 15 kowane gefe. Madalla. Sai dai sun rataya ta tana buɗewa ciki. In mutum ya faɗi a bayan ƙofar, jikinsa ne zai tokare ta, sai an ɓalle. Ƙofar banɗakin mai keke waje take buɗewa, ko a yi mai zamewa, kuma hannunta ya zama na dannawa ƙasa, ba mai murɗawa ba.

A cikin banɗakin an fasa dakalin wanka, ƙasa ta zama bai ɗaya, da karkata kamar santimita biyu a kowace mita zuwa magudana. Mun zuba bokiti biyu, ruwa bai kwanta ba, bai kuma gangaro ƙofa ba. Masai na zama an ɗaga shi zuwa santimita 48, daidai da mazaunin keke haɗe da matashinsa, an bar fili 90 a gefe guda don keken ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. An sa ƙaramin tiyo na tsarki a inda hannu zai kai ba tare da juya baya ba, wanda ya fi buta sauƙi ga mai riƙe ƙarfe da hannu ɗaya. Famfon alwala ne ba su yi tunaninsa ba. Kwamin wanke hannu mai ƙafa suka bari, ƙafar tana tare gwiwa, alhali ana son fili aƙalla santimita 68 a ƙarƙashi don keke ya shige. Akwai kuma batun hita. Mai raunin laka sau da yawa ba ya jin zafi a cinya da ƙafa, ruwa zai iya ƙona shi bai sani ba sai ya ga fata ta tashi. Bututun ruwan zafi a naɗe shi, a kuma sa mahaɗin da ke tsayar da ruwa a wajen digiri 40. Babu ko ɗaya a nan.

Ƙarafan kamawa su ne babban laifin. Ƙarfen kansa mai kyau ne, ba ya tsatsa, kaurinsa milimita 32, tsayinsa daga ƙasa santimita 85, da tazarar yatsu tsakaninsa da bango. Kafawar ce matsala. Bangon bulo ne mai inci shida, mai rami a ciki, ɓawonsa bai kai santimita 4 ba, shi ma in an yi sa'a ba a cika masa yashi ba. Suka huda suka sa fisha ta roba da sukuru, irin yadda ake rataya madubi. Ma'aunin Amurka na gine-ginen masu bukata ta musamman yana so ƙarfen kamawa ya ɗauki kilo 113, ba kuma nauyin tsaye kaɗai ba, har da fizgar mutumin da ya zame. Mun rataya da hannu biyu mun girgiza, tayil ɗin gefen sukurun ya fara ƙara, gari yana zuba. Hanya biyu ce: ko a fasa ramin bulon a cika shi da kankare a bari ya kama kafin a huda, ko a ratsa bangon da dogon bol a ɗaure da faranti na ƙarfe ta baya. Da aka yi musu magana sun yarda su dawo su yi na biyun ba ƙarin kuɗi, wannan kam mun ƙirga musu shi.

Ɗakin kwana ba abin faɗa da yawa. An ɗauke kafet, an daidaita gado da tsayin keke, an bar fili mita 1.5 na juyawa, an sauko da makunnin fitila zuwa mita ɗaya, soket kuma aka ɗaga shi zuwa santimita 45. A ƙara fitila mai caji kusa da gado, don sauka kan keke cikin duhu in an ɗauke wuta ba wasa ba ne.

Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, gine-ginen jama'a ta ba wa'adin shekara biyar su gyara. Gidanka ba wanda zai zo ya auna maka, sai kai da tef ɗinka. Don haka kafin a fara, a kira likitan fisiyo, wato mai koya wa majinyaci motsa jiki, ya faɗi yadda mutumin ke sauka da hawa, da ɓangaren da ya fi ƙarfi, domin shi ke nuna gefen da za a kafa ƙarfe. In gidan haya ne, a karɓi amincewar mai gida a rubuce kafin a fasa ko bulo ɗaya. A sa duk awon a takardar kwangila, kuma kada a biya cikon kuɗi sai mai keken ya taso daga get ya isa masai da kansa, ba wanda ya taɓa keken. A wannan gidan gwajin tun a get ya tsaya: layin ƙarfen da get ɗin ke gudu a kai ya ɗago santimita uku sama da intalok, shi ma ba ya cikin lissafin.