Mai gyaran salula na bakin Babbar Kasuwa

Yaron nan mai rumfa a bakin Babbar Kasuwar Maradi hannunsa na da kyau. Jaka uku ya karɓa ya yi wa Samsung ɗina rutin (wato buɗe waya don a samu cikakken iko a kanta) da manhajar Magisk, ya share tarkacen manhajojin da kamfani ya cusa, yanzu caji na kai ni magariba. Kafin ya taɓa ta ya ce, "Alhaji, kwashe hotunanka, buɗe ta na goge komai."

Sai dai bai gaya mini manhajar banki za ta ƙi tashi ba, don binciken Play Integrity na Google na gane wayar da aka buɗe. Knox kuma, wato tsaron da Samsung ke sa wa wayoyinsa, in ya tsinke garin buɗewa, shi ke nan, ba gyara. Wayata, kuɗina, amma ga ni a layin banki da rana tsaka! Ɗan kasuwa ya kai masa tsohuwar waya kawai.