Na je da kuɗi, yaron shago ya hana ni kashewa

Na daɗe ina tara kuɗi a nan Hamburg da niyya guda: in haɗa kwamfutar tebur, wadda ba zan tambayi farashin komai a cikinta ba. Aikina zanen gine-gine ne, irin wanda ake fito da hoton gida kamar an riga an gina shi, kuma da daddare nakan taɓa gem, ba abin ɓoyo ba ne. Na zauna na rubuta kayan, kowane layi na zaɓi wanda ya fi tsada, jimilla ta haura Yuro 8,000. Don Allah kada wani ya buga ta a naira, hawan jini ba daɗi.

Wanda ya tare ni a shagon yaro ne da bai wuce sa'an autanmu ba. Babu sannu da zuwa, babu kujera. Ya karɓi takardar, ya bi ta da ido, sai ya ce me zan yi da ita. Raina ya sosu, domin duk baƙin mutum da ya zauna a Turai ya san kallon da akan yi masa in ya doshi kayan tsada. Na ce masa kuɗi ba matsala ba ne. Ya ce shi bai tambaye ni kuɗi ba, aiki ya tambaya. Da na gaya masa, sai ya zaro biro ya hau soke mini kaya.

Ya fara da RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Na rubuta sanda huɗu don in cike ramukan duka, ya ce in sayi biyu masu girma. Dalilinsa, kamfanin AMD da kansa ya rubuta cewa firosesocinsa na yanzu suna tafiya da RAM irin DDR5 a gudun 5600 in sanda biyu ce, in kuwa huɗu ce abin da ya lamunce 3600 ne kawai. Wato in biya ƙari in sayo nawa. Ya koma kan madabod, babban faifan da ake dasa duk kayan a kai, wanda na zaɓo mai fiye da Yuro 1,000, har da ɗan allo a jikinsa. Ya nuna mini wani, shi ma samfurin X870E kamar nawa, da bai kai rabin kuɗin ba, ya ce ko daƙiƙa ɗaya mai tsadar ba zai rage mini ba wajen fitar da zane, sai dai in ƙawa nake saye. Fawa-fak, mai raba wa kayan wuta, na wat 1,600 ya mayar da shi 1,200, tunda Nvidia 1,000 ta ce a tanada wa katin hotonta da na zaɓa. SSD uku, wato ma'ajiyar fayiloli, na PCIe 5.0, masu karanta kusan megabait 14,000 a daƙiƙa, ya bar mini ɗaya na aiki, ya ce sauran in ɗauki na 4.0, don masu gudun zafi gare su kuma gem ba ya sanin bambanci.

Abu biyu ne bai taɓa ba. Firosesa Ryzen 9 9950X3D, mai kwakwalwa 16, wanda ya fito a Maris 2025; ya ce da gem kaɗai nake yi da 9800X3D mai takwas ya ishe ni, amma tunda da shi zan ci abinci in riƙe babban. Sai katin hoto, RTX 5090, mai gigabait 32, wanda shi kaɗai yake jan wuta har wat 575. A nan ya daina sokewa ya koma gargaɗi. Ya ce in auna tsawon katin da cikin akwatin kafin in biya, don wasu sun kai santimita 35. Ya ɗauko wayar da ke kai wa katin wuta, ya nuna mini yadda ake danna ta har sai ta yi ƙas, kuma kada a lanƙwasa ta daf da baki, saboda tun zamanin katin RTX 4090 a 2022 ake samun waɗanda tasu ta narke. Kafin ya ajiye biron ya zabge wa shagon ubangidansa ciniki na kusan Yuro 2,000, kuma ko a jikinsa.

Na tsaya ina tuna gida. A ce mutum ya shiga Farm Centre ko Banex ko Computer Village ya buɗe baki ya ce kuɗi ba matsala ba ne. Shi ke nan, ya zama Alhaji ko bai taɓa ganin filin jirgi ba. "Ranka ya daɗe, wannan ai bai dace da kai ba, bari in ɗauko maka na manya." A aiki yaro da gudu shagon maƙwabci, ya dawo da kwali, an ɗora la'adar mutum uku a hanya. Ba rashin sani ba ne, na rantse muna da yaran da suka fi wannan Bajamushen iya aiki, waɗanda za su ɗaga guntun ƙarfe kamar ƙwayar gero daga kan bod da iska mai zafi su mayar. Abin da muka rasa shi ne mai sayarwa ya iya cewa "kada ka saya". Mu a wurinmu wanda ya faɗi haka an ɗauka bai san kasuwa ba, ko maigida ya sallame shi kafin Magariba.

Kada ku ce na zama ɗan koren Jamusawa, su ma sun ƙona mini rai. Duk wannan uban kayan da na kwasa, na ce to a yi mini ragi mana. Yaron ya kalle ni kamar na roƙe shi bashi, ya ce farashi na jikin kaya, da harajin kashi 19 a ciki. Ko linzami bai ɗora mini gyara ba. Na tambaya ko za su haɗa mini, aka ce sai na karɓi rana, kuma da kuɗinsa daban, alhali a Kano kana zaune kan benci ana hira za a haɗa ta a kunna kafin La'asar. Katin kuma babu shi a ƙasa, sai aiko mini aka yi. Mai kawo saƙo bai ko buga ƙofa ba, ya jefa 'yar takarda wai ba na gida, ina zaune a falo, ya kai kayan fiye da Yuro 2,000 wani kantin sigari a wata unguwa. Ranar Asabar da yamma na ga takardar, Lahadi kuwa ƙasar nan kulle take, sai Litinin.

Bayan 'yan watanni injin ya fara mutuwa ana tsakiyar aiki, gwaji ya nuna sandar RAM ɗaya ce ta lalace. Na shirya faɗa tun daga gida, na haddace abin da zan faɗa da Jamusanci. Matar da ke kan kantar shagon ta duba rasit, ta karɓi tsofaffin, ta miƙo sababbi. Ba ta ce wa ya haɗa maka ba, ba ta ce wuta ce ta ƙona ba. Kuma a lokacin, ƙarshen 2025, RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin AI sun wawashe kasuwa, wanda ta ba ni ya fi abin da na biya nesa. Ba kirkinta ba ne kawai, doka ce: sabon kaya mai sayarwa na da alhakinsa shekara biyu, kuma tun 2022 in ya lalace cikin watanni 12 na farko, shi ne zai kawo hujjar cewa lafiya ya sayar. Wanda aka saya ta intanet kuwa kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Kamfanin Noctua na Ostiriya, wanda na sayi na'urarsa ta sanyaya firosesa, har ƙarafan ɗaurawa yake aiko wa kyauta in an canza soket, wato mazaunin firosesa, bayan shekaru, muddin kana da rasit.

Abin haushin, mu ma muna da dokar kare mai saye ta 2018, da hukumar FCCPC mai aiwatar da ita, kuma dokar ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibu. Amma har gobe ana buga wa mutane rasit da "kaya in ya fita ba ya dawowa", garantin sati ɗaya, mu kuma mu karɓa mu ce Allah ya sa albarka. Wa ke ajiye rasit ma? Ana fita shago an naɗe gyaɗa da shi.

Ranar da na kunna ta babu wanda ya leƙo. Da a gida ne da ɗakin ya cika, wannan ya taɓa gilashi, wancan ya ce Allah ya sa a kashe lafiya, wani ya ce a ba shi tsohuwar. Sai na ɗauki bidiyo na tura gida, ba a jima ba ƙanena ya kira.

"Yaya, irinta sak nake so, ko bashi ne."

Na ce masa in tana aiki sosai tana shan wajen wat 800, duk kuma zafi yake komawa cikin ɗaki. Ni nan sanyi ke taimakona, kuɗin wuta ke hukunta ni, don kilowat ɗaya ya haura santi 30. Shi kuwa ya tuna Afrilun Kano da ma'auni ke haura 40, da ƙurar hunturu da za ta toshe fankokin, da wutar da ke zuwa rabi ta tafi ba sallama. Ƙaramin janaretansa ba zai ɗauke ta ba. Kafin kati yana buƙatar inbata mai tsaftatacciyar wuta, da batura, da sola, da AC, kuma in wani abu ya ƙone garantin yana Hamburg shi yana Gwale.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, a fara turo kuɗin solar."