Absolutego ko Pink: da wanne za a fara sauraron Boris?

Boris, makaɗan rock na Tokyo da suka haɗu a 1992, su uku ne: Atsuo a ganguna, Wata a jita, Takeshi kuma yana riƙe da jita mai wuya biyu, ɗaya na bes, wato jita mai kaurin sauti.

Kundin Absolutego na 1996 waƙa ɗaya ce tal, ta kusan awa guda. Ana kaɗa tsirkiya sau ɗaya, a bar sautin yana ruri a amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), jitar ta sake kama shi, ya yi ta zagayawa kamar rugugin hadari daga nesa. Ganguna ba sa shigowa da wuri. Matsalar a nan ita ce lasifikar waya: tsirkiya mafi kauri ta bes tana wajen 41 Hz (wato tana girgiza sau 41 a daƙiƙa), su kuma suna sassauta ta ƙasa da haka, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da wannan zurfin. Sai ka ji ƙara kawai, ka ɗauka kiɗan fanko ne. Nemi babbar lasifika ko abin ji mai rufe kunne gaba ɗaya, kuma kada ka tsallake ko minti ɗaya.

Kundin Pink na 2005 waƙoƙi 11 ne, akasarinsu gajeru masu gudu, ga murya a fili. Tsagewar sautin da gangan ce, ba na'urarka ce ta lalace ba, ka rage ƙarar kaɗan saboda kunnuwanka.

Sabon shiga ya fara da Pink, shi ya fi saurin kama mutum. Absolutego sai ranar da kake da awa guda babu mai katse ka.