Aidin da rigakafin ƙurajen talo-talo, ga abin da na gani

'Yan uwa masu kiwo, duk mai shagon da ya ce maka yana da maganin da ke kashe cutar ƙurajen nan ta kan talo-talo to kuɗinka kawai yake so, bairos ce, ba ta jin antibayotik. Ni a Hotoro nake a Kano amma talo-talona suna gidanmu na Gezawa wajen Inna, kuma daminar bara da sauro ya yi yawa sai ga ƙuraje sun feso musu a kai da wuya da tsokar nan da ke reto a kan baki, wasu har ido ya rufe. Dama sauro ne ke ɗaukarta daga wannan ya kai wa wancan, ga su da tsattsagar juna.

Wani likitan dabbobi ne ya haɗa ni da aidin da bitamin na ruwan sha, da antibayotik don kar wata cutar ta hau kan gyambon. Gaskiya aidin ɗin ya biya ni, ga arha, auduga kawai za ka dangwala ka shafa safe da yamma amma ka kiyayi ido, ƙurajen suka bushe suka yi ɓawo, wajen sati 3 zuwa 4 ɓawon ya zube da kansa. Sai dai aiki ne wallahi, waɗanda idonsu ya rufe ba sa ganin abinci, Inna da hannu take ɗura musu dusa da ruwa, in ba haka ba yunwa ce za ta kashe su ba ma cutar ba.

Inda aidin bai yi komai ba shi ne waɗanda ta shiga musu baki da maƙogwaro, za ka ga wani abu rawaya-rawaya ya manne a ciki suna buɗe baki suna neman numfashi. Ƙananan da suka kai nan ban tsira da su ba, kuma har yau abin na min ciwo. Don Allah a daina kankare ƙurajen da reza ana shafa baƙin mai, azaba ce kawai, kuma ɓawon da ya zube yana riƙe cutar wata da watanni, a share a ƙone.

Bana tun kafin ruwa ya sauka na sa aka musu rigakafi, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma take yi. Kaji a fatar fiffike ake soka musu da allura mai baki biyu, amma likitan ya yi wa talo-talon a cinya, ya ce suna cusa kai ƙarƙashin fiffike in za su yi barci sai ta kama musu fuska. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka duba wurin, in ya ɗan kumbura ya yi ɓawo to ta kama. Alhamdulillah har aka gama damina ko ɗaya bai yi ba, alhali na maƙwabta sun sha fama.

Matsalar rigakafin, kwalba ɗaya ta tsuntsaye ɗaruruwa ce kuma da an haɗa ta da ruwanta ba a ajiyewa, mu sai da muka haɗa kuɗi gida-gida aka yi rana ɗaya. Sannan ka saya a shagon da firjinsa ke aiki, ka tafi da kular ajiye sanyi da ƙanƙara a ciki, don in ta sha zafi a hanya ta mutu. Masu shirin kai talo-talo kasuwar Sabon Gari a Disamba, ku yi musu rigakafin tun Afrilu ko Mayu, amma fa lafiyayyu kaɗai ake yi wa.